Yadda Za Ka Daidaita Linux na Cikin Windows Daga Tagar Umarni

Yawancin masu koyon rubuta manhaja da nake haɗuwa da su a Kano suna aiki ne da kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, wadda aka sayo a Titin Beirut ko a Farm Centre, mai RAM gigabait 8, wani lokaci ma 4 kacal. Idan darasi ya kai inda ake buƙatar Linux, sai a ce musu su girka WSL, wato ɓangaren da kamfanin Microsoft ya gina cikin Windows domin Linux ya yi aiki ba tare da an raba faifan ajiya gida biyu ba. Girkawar ba ta da wuya. Bayan mako biyu ko uku ne ƙorafi yake farawa: kwamfuta ta yi nauyi, fankarta tana ta huci, faifai ya cika ba a san abin da ya cika shi ba, intanet yana aiki a Windows amma ya ƙi a Ubuntu, wato nau'in Linux ɗin da suka girka. Da yawa daga cikinsu sukan ɗauka na'urar ce ta gaza, har su fara tunanin sayar da ita, alhali kuwa mafi yawan waɗannan matsaloli ana magance su ne da fayil biyu na rubutu zalla da umarni guda ɗaya.

WSL ya fara fitowa ne a shekarar 2016 tare da Windows 10, kuma wancan zubi na farko fassara yake yi, wato idan manhajar Linux ta nemi wani abu sai a juya buƙatar zuwa abin da Windows yake ganewa. Zubi na biyu, WSL 2, wanda aka sanar a 2019 ya kuma isa hannun jama'a a 2020, ya sauya hanya gaba ɗaya, domin yana kunna wata ƙaramar kwamfutar kwaikwayo ne a cikin kwamfutarka, mai ɗauke da ainihin zuciyar Linux, wato ɓangaren da ke sarrafa kayan aikin na'ura. Wannan bambanci shi ne tushen duk abin da zai biyo baya. Tunda kwamfuta ce a cikin kwamfuta, tana da nata kason RAM, nata kason furosesa, nata faifai da nata hanyar sadarwa, kuma idan ba ka ƙayyade mata ba, ita za ta ɗiba gwargwadon ƙa'idar da aka zo da ita.

Kafin ka taɓa komai, ka buɗe PowerShell, tagar umarni ta Windows, ka ga halin da kake ciki:

```
wsl --version
wsl --list --verbose
```

Umarnin farko zai nuna maka zubin WSL da na zuciyar Linux. Idan maimakon lambobi ya zubo maka dogon bayanin taimako, to tsohon zubi ne a kwamfutarka, sai ka rubuta `wsl --update` a lokacin da kake da isasshiyar data. Umarni na biyu zai jero nau'o'in Linux da ka girka, da sunan kowanne, da ko yana aiki ko a kashe yake, da lamba 1 ko 2 a ƙarshe. Ka lura da sunan yadda aka rubuta shi daidai, domin `Ubuntu` daban ne da `Ubuntu-22.04`, kuma duk umarnin da za ka bayar nan gaba da wannan suna zai yi aiki. Idan ka ga lamba 1 kuma kana son komawa 2, umarnin shi ne `wsl --set-version Ubuntu 2`. Idan ya ƙi, ya kuma ba ka lambar kuskure 0x80370102, galibi ba a kunna fasahar kwaikwayon kwamfuta a cikin BIOS ba ne, wato saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ya tashi, abin da ake yawan tararwa a kwamfutocin da suka fito daga ofisoshin ƙasashen waje. Sai an sake kunna na'ura an shiga BIOS an buɗe ta tukuna.

Fayil biyu, kowanne da huruminsa

Nan ne mutane suka fi rikicewa, kuma sunayen ma sun yi kama. Na farko sunansa `.wslconfig`, da ɗigo a farkonsa, yana zaune a ɓangaren Windows cikin foldar mai amfani, wato `C:\Users\sunanka`. Shi ne yake mulkin kwamfutar kwaikwayon baki ɗaya, don haka abin da ka rubuta a cikinsa ya shafi duk Linux ɗin da ka girka a zubi na 2. Na biyu sunansa `wsl.conf`, yana zaune a cikin Linux ɗin kansa a `/etc/wsl.conf`, kuma huruminsa bai wuce wannan Linux ɗaya ba. Idan kana da Ubuntu da Debian, to fayil ɗin `.wslconfig` guda ɗaya ne gare su, amma kowannensu da nasa `wsl.conf`. Abin da ya shafi kayan aiki, kamar RAM da furosesa, na fayil na farko ne. Abin da ya shafi ɗabi'ar Linux ɗin idan ya tashi, kamar wanda zai shiga da sunansa da yadda zai ga faifan Windows, na fayil na biyu ne. Idan ka rubuta saitin RAM a cikin `wsl.conf`, RAM ɗin ba zai motsa ba ko kaɗan, za ka yi ta jiran canjin da ba zai zo ba.

Sai kuma umarnin nan guda ɗaya da na ambata, wanda ba don shi ba duk gyaran da ka yi ba zai fara aiki ba:

```
wsl --shutdown
```

WSL yana karanta waɗannan fayiloli ne a lokacin da yake tashi kawai. Rufe tagar Ubuntu bai kashe shi nan take ba, yakan ɗauki kimanin daƙiƙa 8 bayan an rufe dukkan tagogi kafin ya tsaya, kuma idan VS Code, manhajar da ake rubuta manhaja a ciki, ko Docker Desktop, mai gudanar da manhajoji a keɓaɓɓun akwatuna, yana riƙe da shi a bayan fage, ba zai tsaya ba sam. Saboda haka bayan kowane gyara ka adana aikinka, ka ba da wannan umarni, ka tabbatar da `wsl --list --running` cewa babu abin da ya rage a kunne, sannan ka sake buɗewa.

Ƙayyade RAM da furosesa

Fayil ɗin `.wslconfig` ba ya zuwa a shirye, kai ne za ka ƙirƙire shi. Hanya mafi aminci ita ce daga PowerShell:

```
notepad $env:USERPROFILE\.wslconfig
```

Notepad zai tambaye ka ko ya ƙirƙiri sabon fayil, sai ka amince. Na fifita wannan hanya a kan buɗe Notepad da hannu, domin idan ka yi haka yakan liƙa `.txt` a ƙarshen sunan, Windows kuma yana ɓoye wannan wutsiya, sai ka ga suna daidai a ido alhali WSL ba ya ganinsa. Na taɓa shafe kusan awa guda tare da wani ɗalibi muna neman dalilin da ya sa saitinsa ya ƙi aiki, ashe wannan ne kawai. Umarnin `dir $env:USERPROFILE\.wslconfig*` zai nuna maka cikakken sunan idan kana shakka.

Ga abin da nake ba mai kwamfutar gigabait 8 shawara ya fara da shi:

```
[wsl2]
memory=3GB
processors=2
swap=4GB
```

Idan ba ka rubuta komai ba, WSL 2 yana da izinin ɗaukar rabin RAM ɗin kwamfutar, da dukkan kawunan furosesa, sannan ya ware kwatankwacin kashi 25 cikin 100 na RAM a kan faifai a matsayin wurin aro da ake kira `swap`. Rabin 8 shi ne 4, kuma a takarda hakan ba laifi ba ne. Matsalar ita ce Windows da kansa yana cin nasa kaso mai tsoka, burauza mai shafuka goma a buɗe tana cin nata, VS Code ma haka, sannan Linux yana da ɗabi'ar riƙe duk fayil ɗin da ya karanta a cikin RAM domin ya same shi da sauri nan gaba. A kwamfutar da Linux ne kaɗai a kanta wannan dabara ce mai kyau, amma a nan Windows yana kallon wannan RAM a matsayin wanda aka riga aka ɗauka. Idan ka buɗe Task Manager ka ga wani abu mai suna Vmmem ko VmmemWSL ya kumbura, to shi ne. Gigabait 3 ya isa koyon Python, Node.js, Git da ƙaramin rumbun bayanai. Wanda yake aiki da Docker zai iya ɗagawa zuwa 4, amma ya san cewa sai ya rage shafukan burauza. Kada ka manta da rubuta `GB` ko `MB` a gaban lambar, domin idan ka bar lamba tsurarta za a ɗauke ta a matsayin bait ne.

Game da `swap`, ya danganta da irin faifan da kake da shi. Idan SSD ne, gigabait 4 kariya ce mai kyau, domin idan RAM ya cika aikin zai yi jinkiri ne maimakon Linux ya kashe shi a tsakiyar hanya. Idan kuwa tsohon faifai ne mai juyawa, aro daga gare shi yana da nauyi ƙwarai, kuma a ganina kuɗin da za ka kashe wajen musanya shi da SSD ya fi kowane saiti da zan iya koya maka amfani. Ƙayyade furosesa zuwa kawuna 2 kuma yana da wata fa'ida da mu mazauna Kano muka fi kowa sani: a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, kwamfutar da dukkan kawunanta suke aiki gadan-gadan takan yi zafi har ta rage gudunta da kanta, batirinta kuma ya ƙare da wuri, abin da ba ka so a ranar da aka ɗauke wuta. Ka duba yawan kawunan da kake da su tukuna. Mai 8 zai iya ba da 4 hankali kwance.

Wanda yake da sabon zubin WSL zai iya ƙara wannan a ƙasa, domin Linux ya riƙa mayar wa Windows RAM ɗin da ya riƙe a hankali idan ya daina aiki:

```
[experimental]
autoMemoryReclaim=gradual
```

Bayan `wsl --shutdown`, ka shiga Ubuntu ka rubuta `free -h` da `nproc`. Na farko zai nuna RAM da wurin aro, na biyu kuma yawan kawunan furosesa. Idan lambobin sun yi kusa da abin da ka rubuta, gyara ya kama. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan ɗabi'a ta canza abu ɗaya, ya kashe, ya kunna, ya duba, kafin ya matsa zuwa na gaba, domin wanda ya kwafo layi ashirin daga intanet ya zuba lokaci guda ba zai san wanne ne ya ɓata masa aiki ba.

Mai RAM gigabait 4 kuwa, gaskiyar magana WSL 2 zai matse shi ko yaya ya daidaita. Idan abin da yake koyo bai wuce umarnin Linux, Git da Python ba, ya zauna a zubi na 1 da `wsl --set-version Ubuntu 1`, domin ba ya kunna kwamfutar kwaikwayo kuma ya fi sauƙin nauyi. Abin da zai rasa shi ne Docker da systemd.

Abin da ake rubutawa a cikin wsl.conf

Wannan fayil daga cikin Linux ake buɗe shi, kuma sai da izinin shugaba, wato mai cikakken iko a kan tsarin: `sudo nano /etc/wsl.conf`. Idan ka tarar da rubutu a ciki kada ka goge, ka ƙara naka a ƙasa. Ana adanawa da Ctrl da O, a fita da Ctrl da X.

```
[boot]
systemd=true

[automount]
options="metadata,umask=22,fmask=11"

[interop]
appendWindowsPath=false
```

Sashen farko yana kunna systemd, wanda shi ne mai tayar da hidimomi irin su PostgreSQL da nginx a yawancin nau'o'in Linux na yau. An shigo da shi WSL a watan Satumba na 2022, kuma Ubuntu da ake girkawa yanzu yana zuwa da shi a kunne, amma wanda ya girka tun da daɗewa zai ga umarnin `systemctl` yana ƙin aiki har sai ya ƙara wannan layi. Za ka tabbatar da `ps -p 1 -o comm=`; idan amsar ta ce systemd, shi ke nan.

Sashe na biyu ya shafi yadda Linux yake ganin faifan Windows, wanda yake bayyana a `/mnt/c`. Ba tare da kalmar `metadata` ba, fayilolin da ke can ba sa riƙe izinin Linux yadda ya kamata, ko ka ba da umarnin `chmod 600` ba za ka ga ya zauna ba. Mutum yakan ci karo da wannan ne ranar da ya ajiye makullin SSH, wato fayil ɗin sirri na shiga wata kwamfuta daga nesa, a ɓangaren Windows, sai SSH ya ƙi karɓa ya ce a buɗe yake ga kowa. Duk da haka, gyaran da ya fi wannan shi ne ka daina ajiye aikinka a `/mnt/c` kwata-kwata. Duk fayil ɗin da Linux zai karanta daga can sai ya tsallaka iyaka tsakanin tsare-tsare biyu, kuma aikin da yake da dubban ƙananan fayiloli, kamar `npm install` ko `git status` a babban aiki, yakan yi jinkiri mai ban takaici. Ka ajiye a cikin gidanka na Linux, wato `~`, idan kuma kana son ganinsu daga Windows ka rubuta `explorer.exe .` daga cikin foldar, ko ka shiga ta `\\wsl$` a File Explorer.

Sashe na uku yana buƙatar tunani kafin a sa shi. A asali WSL yana haɗa hanyoyin neman manhaja na Windows da na Linux, shi ya sa za ka iya kiran `notepad.exe` daga cikin Ubuntu. Illarsa ita ce idan kana da Node.js a Windows, sai ka rubuta `npm` a Linux na Windows ɗin ya amsa, a samu kurakurai masu wuyar ganewa. Umarnin `which npm` zai tona asirin: idan amsar ta fara da `/mnt/c`, to wannan ce matsalarka. Kashe haɗin yana magance ta, sai dai `code .` da `explorer.exe .` za su daina aiki har sai ka ƙara hanyoyinsu da hannu cikin `~/.bashrc`. Idan ba ka taɓa fuskantar wannan rikici ba, ka bar sashen nan, kada ka rubuta shi.

Idan wani gyara ya hana ka shiga, ko ka manta kalmar sirrinka, ƙofa ba ta rufe ba. Daga PowerShell ka rubuta `wsl -d Ubuntu -u root`, za ka shiga a matsayin shugaba, ka gyara fayil ɗin ko ka sauya kalmar sirri da `passwd sunanka`.

Idan intanet ya ƙi aiki a ciki

Yawancinmu da wayar hannu muke ba kwamfuta intanet, yau wannan layi gobe wancan, wani lokaci kuma da VPN. Alamar da aka fi gani ita ce `sudo apt update` ya kasa gano sunan rumbun da yake nema, alhali burauza tana aiki lafiya. Ka gwada `ping 8.8.8.8`, idan ya amsa amma `ping google.com` ya ƙi, to hanya a buɗe take, mai fassara suna zuwa lamba ne ya tsaya. Mai Windows 11 daga zubin 22H2 zuwa sama zai iya ƙara `networkingMode=mirrored` da `dnsTunneling=true` a ƙarƙashin `[wsl2]` cikin `.wslconfig`, wanda yake sa Linux ya bi hanyoyin sadarwar Windows kai tsaye. Mai Windows 10 ba shi da wannan, kuma su ne da yawa a cikinmu duk da cewa Microsoft ya rufe tallafinsa na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, domin tsofaffin kwamfutoci da dama ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Hanyarsa ita ce ya rubuta `generateResolvConf=false` a ƙarƙashin sashen `[network]` cikin `wsl.conf`, ya kashe ya kunna, sannan:

```
sudo rm /etc/resolv.conf
echo "nameserver 8.8.8.8" | sudo tee /etc/resolv.conf
```

Wani abin da yake kama da matsalar intanet alhali ba ita ba ce shi ne agogo. Idan ka rufe murfin kwamfuta saboda batiri ya kusa ƙarewa, ta yi barci na tsawon sa'o'i, agogon Linux yana iya tsayawa a baya, sai `apt` ya ce fayil ɗin da ya sauko lokacinsa bai yi ba tukuna. Ka duba da `date`. Idan lokacin ya saɓa da na Windows, `wsl --shutdown` ya wadatar.

Faifan da yake kumbura

Duk abin da ke cikin Linux ɗinka yana zaune ne a fayil guda mai suna `ext4.vhdx`. Yana girma gwargwadon abin da ka zuba, amma idan ka goge abubuwa a ciki ba ya komawa da kansa, shi ya sa mai SSD na gigabait 128 ko 256 yake ganin wuri yana ƙarewa ko da ya share. Ka fara tsaftace ciki da `sudo apt clean`, mai Docker kuma ya ƙara da `docker system prune` bayan ya karanta gargaɗin da zai fito. Sannan ka gano inda fayil ɗin yake:

```
Get-ChildItem $env:LOCALAPPDATA -Recurse -Filter ext4.vhdx -ErrorAction SilentlyContinue
```

Ka kashe WSL, ka buɗe PowerShell da izinin shugaba, ka rubuta `diskpart`, sai ka bi da waɗannan ɗaya bayan ɗaya, kana sa cikakkiyar hanyar da ka samo:

```
select vdisk file="C:\...\ext4.vhdx"
attach vdisk readonly
compact vdisk
detach vdisk
```

Kada ka fara wannan aiki sai kwamfuta tana jone da wuta ko batirinta a cike yake, kuma kada ka fara sai ka ɗauki kwafi. Ɗaukar kwafin layi ɗaya ne, bayan ka ƙirƙiri foldar da za a zuba shi:

```
wsl --export Ubuntu D:\ajiya\ubuntu.tar
```

Wannan fayil ya ƙunshi komai, da manhajojin da ka girka da ayyukanka da `wsl.conf` ɗinka, amma ban da `.wslconfig`, tunda shi a ɓangaren Windows yake, sai ka kwafe shi daban. Ana dawo da shi da `wsl --import Ubuntu2 D:\wsl\ubuntu D:\ajiya\ubuntu.tar --version 2`, inda `Ubuntu2` shi ne sunan sabon Linux ɗin, hanyar farko kuma ita ce inda sabon faifan zai zauna, kuma ta haka ne ma ake kwashe Linux daga faifan C da ya cika zuwa wani. A ajin da nake koyarwa muna amfani da wannan wajen tsimin data: mutum ɗaya ya girka duk abin da ake buƙata, a fitar da kwafi, a zagaya da shi a filasha. Sai dai kwafin da za a raba ya zama an shirya shi musamman don haka, domin na aikinka na yau da kullum yana ɗauke da makullan SSH da tarihin umarninka da duk wata kalmar sirri da ka taɓa ajiyewa a fayil.

Bayan shigo da kwafi za ka iya tarar da kanka a matsayin `root`, wato shugaba, maimakon sunanka, domin bayanin wanda zai shiga ba ya biyo fayil ɗin sai idan an rubuta shi a ciki. Ka buɗe `/etc/wsl.conf` ka ƙara sashen `[user]` da layin `default=sunanka` a ƙarƙashinsa, ka ba da `wsl --terminate Ubuntu2`, ka sake shiga ka duba da `whoami`. Sai ka zagaya cikin sabon ka tabbatar ayyukanka suna nan cif kafin ka cire tsohon da `wsl --unregister Ubuntu`, domin wannan umarni ba ya tambayar ko ka tabbata, kuma abin da ya goge ba ya zuwa kwandon shara.